Me Ya Sa Manhajojin Yanar Gizo Ke Ƙin Aiki a Tsofaffin Wayoyi?

Me ya sa shafin da ke buɗewa lafiya lau a wayar wani yake ƙin buɗewa a wayar na kusa da shi, alhali layin intanet ɗaya suke amfani da shi? Tambayar ta sake tasowa a shekarar 2025, lokacin da kamfanin Google ya sanar cewa Chrome 138 ita ce sigar ƙarshe da wayoyi masu Android 8 da Android 9 za su samu. Ma'ana, burauzar waɗannan wayoyi ta tsaya cak daga nan, ko da kuwa wayar tana kira, tana ɗaukar hoto, batirinta kuma yana riƙe caji. Masu wayoyin sukan ɗora laifin a kan maginan shafuka, suna ganin kasala ce ko dabarar tilasta wa jama'a sayen sabuwar waya. Su kuma maginan sukan yi ƙorafin cewa mutane ne ba sa sabunta burauzarsu. Zarge-zargen biyu duk sun kauce wa inda matsalar take, domin sau da yawa mai wayar ba shi da halin sabuntawa ko da yana so, shi kuma maginin shafin bai ma san ya rufe wa wani ƙofa ba.

Manhajar yanar gizo, burauza da injinta

Manhajojin da ake amfani da su a waya iri biyu ne. Akwai wadda ake saukewa daga Play Store ko App Store ta zauna a cikin wayar, akwai kuma wadda ake buɗewa a burauza ta hanyar rubuta adireshi ko danna mahaɗi, kamar shafin banki, shafin neman gurbin karatu ko akwatin imel. Ta biyun ita ce manhajar yanar gizo. Duk lokacin da aka buɗe ta, wayar tana janyo ta ne daga manyan kwamfutocin da ake kira sabar, a matsayin rubutattun umarni cikin harsuna uku: HTML mai ɗauke da rubutu da fom da maɓallai, CSS mai tsara launi da girma da mazaunin kowane abu, sai JavaScript mai karɓar abin da aka shigar, ya yi lissafi, ya yi musayar saƙo da sabar.

Abin da ke karanta waɗannan umarni ya mayar da su shafin da ido ke gani shi ne injin burauza. Sunayen burauzoji suna da yawa, amma manyan injunan da suka rage guda uku ne: Blink, wanda Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet suke kai, da WebKit na kamfanin Apple da ke cikin Safari, da kuma Gecko na Firefox. Harsunan da injunan ke karantawa ba a tsaye suke ba. Tun daga 2015 ake fitar da sabuwar ƙa'idar JavaScript kowace shekara, kuma a 2021 Chrome ta koma fitar da sabuwar siga kowane mako huɗu. Injin da ya tsaya a 2019 bai san abin da aka ƙara a 2020 ba, kuma babu yadda za a yi ya sani.

Akwai wata burauzar da yawancin mutane ba su san suna amfani da ita ba. Idan mutum ya danna mahaɗi a cikin wasu manhajoji, shafin yakan buɗe a cikin manhajar kanta, ta hanyar wani ɓangare na wayar da a Android ake kira WebView. Wannan ɓangare yana da tasa sigar, kuma yana iya zama a baya nesa ko da Chrome ɗin da ke wayar sabuwa ce.

Dalilin da ya sa ba a iya sabunta burauzar waya

A kwamfuta wannan matsala ta yi sauƙi tun da burauzoji suka koma sabunta kansu ba tare da tambaya ba, kuma kamfanin Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022. A waya kuwa, burauza a ɗaure take da babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, wato Android ko iOS.

Sabuwar sigar Android ba ta isa waya kai tsaye daga Google. Sai ta bi ta hannun kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su Qualcomm da MediaTek, sannan kamfanin da ya haɗa wayar, a wasu ƙasashen har da kamfanin sadarwa. Kowannensu sai ya kashe kuɗi da lokacin injiniyoyi a kan wayar da ya riga ya sayar ya ci ribarta, shi ya sa wayoyi masu sauƙin kuɗi da dama suke ƙarewa a kan sigar da aka sayar da su da ita, ko kuma su sami sabuntawa guda ɗaya. Google ya yi ƙoƙarin sassauta wannan ɗauri: daga Android 5 na shekarar 2014 ana iya sabunta WebView ta Play Store, ba sai an jira kamfanin waya ba. Amma ita kanta Chrome tana da iyakar da take yankewa. Android 4.4 ya tsaya a Chrome 81, Android 5 a 95, Android 6 a 106, Android 7 a 119, sannan Android 8 da 9 suka bi sahu a 138. Mai irin wannan waya zai shiga Play Store ya ga babu wani abin sabuntawa, ya ɗauka komai nasa sabo ne.

A ɓangaren iPhone ɗaurin ya fi tsauri. Safari wani sashe ne na iOS, ba a sabunta ta ita kaɗai, kuma shekara da shekaru ƙa'idar Apple ita ce duk burauzar da za ta shiga App Store dole ta yi amfani da WebKit ɗin da ke cikin wayar. Saboda haka Chrome ko Firefox a kan iPhone suna da sunansu da kamanninsu, amma injin Safari ne a ƙarƙashinsu. Sai a 2024 ne Apple ya ba da damar wasu injuna a ƙasashen Tarayyar Turai, shi ma saboda dokar ƙungiyar ta tilasta. A yi wa Apple adalci, wayoyinsa suna daɗewa suna samun sabuntawa: iPhone 6s da ta fito a 2015 ta sami iOS 15 a 2021. Sai dai ranar da aka yanke, an yanke ke nan. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, 6s da 7 a iOS 15, 8 da X kuma a iOS 16, kuma babu wata burauza da mai su zai sauke ta canza masa inji.

Yadda alamomi biyu ke kashe shafi baki ɗaya

Abin da ya fi ba masu amfani haushi shi ne farin allo: an danna mahaɗi, data ta tafi, amma babu rubutu, babu maɓalli, babu ko saƙon ban-haƙuri. Asalin wannan yana cikin bambancin halin harsunan nan uku.

HTML da CSS masu haƙuri ne. Idan inji ya ci karo da umarnin da bai sani ba a cikinsu, tsallake shi yake yi ya ci gaba. Akwai wani umarnin CSS na barin tazara tsakanin abubuwan da aka jera a layi ɗaya, wanda Chrome ta fara ganewa a 2020, Safari kuma a 2021. A wayar da ba ta san shi ba, maɓallai za su manne da juna, shafin ya yi muni, amma dai ana iya aiki da shi. JavaScript ba haka yake ba. Inji yana duba tsarin rubutun fayil ɗin gaba ɗaya kafin ya aiwatar da layi ko ɗaya, kuma idan ya ga alamar da bai gane ba, sai ya yi watsi da fayil ɗin duka, kamar magatakardan da ya ga kalma ɗaya baƙuwa a wasiƙa ya mayar da ita ba tare da ya karanta sauran ba.

Ga misali na zahiri. A 2020 aka ƙara wa JavaScript wata gajeruwar hanyar rubutu, alamar tambaya haɗe da ɗigo, wato ?. wadda ke nufin a duba ko abu yana nan kafin a taɓa shi. Masu rubuta manhaja sun rungume ta nan da nan saboda tana rage musu layuka masu yawa. Chrome 80 ta san ta, haka ma Safari daga iOS 13.4. Amma iPhone 6 da ta tsaya a iOS 12 ba za ta taɓa saninta ba. Alamomin nan biyu, idan suka fito sau ɗaya tak a cikin fayil mai dubban layuka, sun isa su hana komai tashi.

Abin da ke mayar da wannan babbar matsala shi ne salon ginin da ya yi tashe. Manhajoji da yawa da aka gina da kayan aiki irin su React da Vue da Angular suna turo HTML ɗin da kusan babu komai a cikinsa, su bar wa JavaScript aikin zana shafin gaba ɗaya a cikin wayar. Idan JavaScript ya faɗi, babu abin da ya rage da za a nuna. Wani abin takaicin shi ne, saƙon da ke cewa burauzarka ta tsufa yakan kasance a cikin fayil ɗin da ya ƙi tashi, haka ma na'urar da ya kamata ta kai wa maginin rahoton kuskure.

Ba lallai ne maginin ya rubuta alamar da hannunsa ba. Manhaja ta zamani tana jingina da ɗaruruwan ƙananan manhajoji na aro da wasu suka rubuta, kuma ɗaya daga cikinsu na iya shigo da sabon salo a wata ƙaramar sabuntawa. Akwai wata dabarar binciken rubutu da ake amfani da ita wajen tantance abubuwa kamar adireshin imel, wadda Chrome ta gane tun 2017 amma Safari ba ta gane ba sai a iOS 16.4 a 2023. Tsawon waɗannan shekaru, injiniya mai gwaji a Chrome zai ga komai daidai, yayin da masu iPhone, sabuwa da tsohuwa, suke kallon farin allo. Yanzu sababbin sun tsira, amma iPhone 7 tana nan a inda take. Wani lokacin kuma kayan aikin ne da kansu suke ja layi a fili: Tailwind CSS, ɗaya daga cikin sanannun kayan tsara shafi, ya bayyana a sigarsa ta 4 ta 2025 cewa yana buƙatar Safari 16.4 ko Chrome 111 zuwa sama. Duk ƙungiyar da ta koma wannan siga ta yanke hukunci a kan masu tsofaffin wayoyi, ko ta zauna ta tattauna batun ko ba ta zauna ba.

Faci da nauyinsa

Akwai magani, kuma masu sana'ar sun san shi. Wata manhaja mai suna Babel tana juya sabon salon JavaScript zuwa tsohon salo kafin a tura shi, sannan ana liƙa ƙananan faci da ke koya wa tsohon inji abubuwan da ya rasa. Matsalar ita ce duka biyun suna ƙara wa fayil girma, kuma nauyin yana sauka ne a kan wayoyin da tun farko ba su da ƙarfi. Hoto idan ya sauka, nuna shi kawai ake yi. JavaScript kuwa bayan ya sauka sai wayar ta karanta shi, ta tsara shi, ta aiwatar da shi, aikin da babbar waya za ta gama kafin ƙiftawar ido amma ƙarama ta shafe daƙiƙu tana nishi. A cikin wannan lokaci mutum yana ganin maɓalli, yana dannawa, babu abin da ke motsi.

Ƙarancin ma'adanar aiki, wadda aka fi sani da RAM, yana kawo tasa wahalar. Android Go, wani sauƙaƙƙen nau'in Android da Google ya fitar a 2017, an yi shi ne domin wayoyin da RAM ɗinsu bai wuce gigabait 1 ba. A irin wannan waya mutum zai cika dogon fom, shafin ya ce an tura masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ya fita ya kwafo lambar, ya dawo ya tarar wayar ta rufe burauzar domin ta samar wa manhajar saƙo wuri. Shafin ya sake tashi daga farko, fom ɗin wayam, lambar kuma ta tashi aiki. Wannan ba ya faruwa a wayar injiniyan da ya gina shafin, don haka da wuya ya taɓa ganinsa da idonsa.

Wasu ƙungiyoyin suna gina fayil biyu, mai sauƙi domin sababbin burauzoji da mai faci domin tsofaffi, wanda hakan ke ninka aikin gwaji. Wasu kuma sun miƙa aikin ga wani shafi na waje mai suna polyfill.io, wanda ke duba burauzar mai ziyara ya ba ta facin da ya dace da ita. A farkon 2024 aka sayar da adireshin shafin ga wani sabon kamfani, kuma a watan Yuni na shekarar masu binciken tsaro suka gano ana cusa muguwar manhaja ta wannan hanya cikin shafuka sama da 100,000. Hanyar da aka buɗe domin taimaka wa tsofaffin burauzoji ta zama kafar cutar da masu ziyara.

Katangar da faci ba ya tsallakewa

Duk abin da aka ambata zuwa nan ana iya magance shi idan akwai lokaci da kuɗi. Batun tsaro daban ne. Kafin burauza ta buɗe shafi mai alamar kwaɗo, sai shafin ya nuna mata takardar shaida, ita kuma ta duba ko wanda ya sa wa takardar hannu yana cikin jerin amintattun da aka ajiye a wayar. A tsofaffin wayoyin Android wannan jeri yana cikin babbar manhaja, don haka yana tsufa tare da ita.

Let's Encrypt, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke bai wa ɗaruruwan miliyoyin shafuka wannan takarda kyauta, ta fara aiki ne tana jingine da sa-hannun wani tsohon kamfani, wanda wa'adinsa ya ƙare a ranar 30 ga Satumba, 2021. Wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su san sa-hannun ƙungiyar na kanta ba, kuma a ƙarshen 2020 ƙungiyar ta ce irin waɗannan sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na na'urorin Android. Aka samo wata dabara da ta ƙara musu shekara uku, ita ma ta ƙare a ranar 30 ga Satumba, 2024. Daga nan wayoyi da dama suka fara nuna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne a shafukan da babu abin da ya same su. Sai a Android 14 ne aka mayar da jerin amintattun abin da ake iya sabuntawa ta Google Play.

Haka batun yake ga tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai. Ƙa'idar kamfanonin katin biyan kuɗi ta wajabta daina amfani da TLS 1.0, wani tsohon tsarin ɓoye bayanai, daga 30 ga Yuni, 2018, saboda an gano raunin da ke cikinsa. Bankin da ya rufe wannan ƙofa ya rufe ta har da wayoyin da ba su san wadda ta fi ta ba, kuma ba shi da zaɓi. A nan wanda ya ce a bar ƙofar a buɗe domin tausayin mai tsohuwar waya, a haƙiƙa yana neman a jefa asusunsa da na kowa cikin haɗari ne.

Burauzojin da ba su bi sahun kowa ba

Opera Mini, a yanayinta na matuƙar tsimin data, ba ta zana shafi a waya. Kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin, su bar JavaScript ya yi aiki na ɗan gajeren lokaci, su matse sakamakon su turo. Duk manhajar da ke buƙatar ci gaba da magana da sabar bayan ta buɗe tana karyewa a nan. Wayoyi masu maɓalli da dama masu babbar manhajar KaiOS, irin su JioPhone da ta fito a Indiya a 2017, suna tafiya ne da injin Firefox 48 na shekarar 2016 a kan allo ɗan ƙarami da ba a taɓawa.

Wahalar gwaji

Mai gina shafi yana iya rage tagar Chrome a kwamfutarsa ta koma girman waya, amma wannan girman allo kaɗai yake kwaikwayo, injin dai sabo ne. Domin ya ga abin da mai iPhone 6 ke gani, sai ya mallaki wayar ko ya yi hayar lokaci a kamfanoni irin su BrowserStack da ke ajiye ɗimbin na'urori. Leƙa cikin Safari ta iPhone ta hanyar da Apple ya tanada yana buƙatar kwamfutar Mac, kuma Apple ba ya barin a mayar da waya tsohuwar sigar iOS bayan ya daina sa mata hannu, saboda haka wayar gwaji da wani ya sabunta bisa kuskure ta tashi daga aiki ke nan. Rahoton da ke zuwa daga mai amfani kuma yawanci bai wuce “ba ya buɗewa” ba, babu sunan waya, babu siga, balle a san ko a Chrome ya buɗe ko a cikin Facebook. Injiniya na iya ɓata kwanaki yana farautar kuskuren da ba ya iya gani, yayin da shugabansa ke tambayar inda aka kwana a sabon aikin da aka yi wa abokan hulɗa alkawari. Gaba kura, baya sayaki.

Masu cewa a yanke da masu cewa a riƙe

Hujjar masu son a daina kula da tsofaffin na'urori tana da ƙarfi. Duk sa'ar da aka kashe a kan faci an ɗauke ta ne daga gyaran da zai amfani mafi rinjaye. Facin yana rage wa kowa sauri. Tsohuwar burauza kuma cike take da ramukan tsaro da ba za a taɓa toshewa ba, don haka barin mutum ya shigar da kalmar sirrinsa a cikinta ba lallai ne ya zama gata ba. Suna kuma nuna ƙididdiga: masu irin waɗannan wayoyi ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na masu ziyara ba.

A kan ƙididdigar ne nake ganin hujjar ta yi rauni. Na'urar ƙirga masu ziyara ita ma JavaScript ce a mafi yawan shafuka, kuma tana iya faɗuwa tare da shafin, ta yadda wanda ya ga farin allo ba zai shiga lissafi ba. Wanda ya gwada sau biyu bai yi nasara ba kuma ba ya dawowa, don haka adadin yana ƙara raguwa, raguwar kuma ta zama hujjar ci gaba da yin watsi da su. Ko da an yarda da adadin, kashi ɗaya cikin ɗari na mutum miliyan ɗaya mutum dubu goma ne. A 2013 sashen ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya auna shafinsa na GOV.UK ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin 93 ba ya samun JavaScript, kuma mafi yawansu ba su ne suka kashe shi ba, wani abu ne ya hana shi isowa ko tashi.

Sannan akwai tambayar su waye ke riƙe da tsofaffin wayoyin. Galibi dattawa ne, da masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda suka sayi ta hannu ko aka ba su kyauta, kuma da yawansu wayar ita ce kaɗai hanyarsu ta shiga intanet. Shafin wasa ko manhajar gyaran bidiyo na iya cewa sai sabuwar waya, babu wanda zai ga laifinsu. Shafin neman tallafi, rajistar jarrabawa ko ganin likita ba shi da wannan uzuri, domin waɗanda zai kora su ne suka fi buƙatarsa.

Gini daga ƙasa zuwa sama

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai tsohuwar hanya da aka fara yayatawa tun 2003. Ana fara gina ainihin aikin da HTML zalla, ta yadda fom zai tafi sabar ko da JavaScript bai tashi ba, sannan a ɗora ƙawa da sauri a sama domin burauzojin da za su iya ɗauka. A 2012 injiniyoyin BBC suka bayyana wani ɗan gwaji da shafinsu na labarai ke yi wa burauza: wadda ta ci a ba ta cikakken shafi, wadda ta faɗi a bar mata labarin a sauƙaƙe. Wikipedia ma tana raba burauzoji matakai, inda tsofaffi ke iya karanta muƙala ba tare da JavaScript ba. GOV.UK ya mayar da wannan salo ƙa'ida ga ayyukan gwamnati.

Hanyar tana da iyaka. Kiran bidiyo ko taswira mai motsi ba sa yiwuwa da HTML kaɗai, kuma manhajar da aka riga aka gina a ɗaya salon, sauya ta kusan sabon gini ne. Iskar kasuwa ma ba wannan ɓangaren take kaɗawa ba, domin a farkon 2024 Google ya rufe sauƙaƙaƙƙen shafin Gmail da masu tsofaffin burauzoji da raunin intanet suka daɗe suna dogaro da shi. Ma'aunin Baseline da manyan kamfanonin burauza suka goyi baya a 2023 yana ɗaukar sabon abu a matsayin wanda ya wadatu idan ya cika wata 30 a dukan manyan burauzoji. Ma'auni ne mai amfani, amma wata 30 shekara biyu da rabi ne kawai, kuma mutane da yawa suna riƙe waya fiye da haka, musamman wadda ta riga ta yi shekaru a hannun wani kafin ta iso gare su.

Abin da ke gaban mai waya

Akwai alamun sauƙi daga ɓangaren masu ƙera wayoyi. Google ya yi alkawarin sabuntawa na shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024, kuma daga 20 ga Yuni, 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta sabunta babbar manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin waya. Amma alkawuran shekara bakwai a manyan wayoyi masu tsada suka fara, dokar kuma ta shafi sababbin wayoyin da ake shigarwa kasuwar Turai ne. Babu ɗaya daga ciki da zai taɓa tsohuwar wayar da ke aljihun mutum a yau.

Wanda shafi ya ƙi buɗe masa yana da 'yan abubuwan da zai gwada. A Android, ya duba Play Store ya sabunta Chrome da kuma Android System WebView, domin abubuwa biyu ne daban. Idan a cikin wata manhaja shafin ya buɗe, ya kwafi adireshin ya kai shi burauza ta ainihi. Firefox tana zuwa da injinta da nata jerin amintattun, shi ya sa Let's Encrypt ta ba masu tsofaffin Android shawarar komawa gare ta. A iPhone canza burauza ba ya canza inji, sai dai a duba ko akwai sabuntawar iOS da ke jira. Abubuwa biyu ne bai kamata a yi ba: tsallake gargaɗin tsaro a shafin da za a shigar da kalmar sirri ko lambar kati, da sauke fayil daga wani shafi da ke alkawarin sabuwar Chrome ga wayar da Google ya riga ya yanke.

Idan duk waɗannan ba su yi ba, abin da yawanci ke faruwa shi ne mutum ya ari wayar wani ko ya miƙa wa wani aikin ya cika masa fom. Hakan na nufin sunansa, lambar shaidarsa da kalmar sirrinsa sun shiga na'urar da ba tasa ba, kuma burauzar wannan na'ura tana iya ajiye su. A ƙididdigar shafin kuwa, wannan ziyara za ta fito ne a matsayin ta mai sabuwar waya.